Maginin Ganuwa Da Masu Kiransa Zance

Kowace shekara, in an gama jarrabawa, an karanta sunayen waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi, mu malamai mukan zauna mu duba takardun waɗanda suka faɗi ɗaya bayan ɗaya, muna neman inda gizo ya yi saƙa. Abin da muke tararwa kuwa kusan kullum iri ɗaya ne. Daƙiƙi na ainihi, wanda ko an yi masa bayani sau goma ba zai gane ba, da wuya ake samunsa. Yawancin masu faɗuwa yara ne masu kai, masu baki, waɗanda in ana hira a fili su ne a gaba. Abin da ya ka da su shi ne rabuwar hankali, watau yaro ya zauna gaban littafi sa'a biyu, jikinsa yana kan benci, amma zuciyarsa ta je kasuwa, ta zaga filin ƙwallo, ta leƙa gida ta ga abin da ake dafawa, ta komo, sa'an nan ya tashi yana cewa ya yi karatu.

Wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, ya ku 'yan makaranta. Da yawa cikinku sai da aka sayar da akuya, ko aka ɗebi gero daga rumbu tun kafin bazara, kāna aka biya kuɗin makarantarku. An kuma ɗauke hannunku daga gona lokacin da ake bukatarsa, uba ya haƙura ya yi noman shi kaɗai. Kowace sa'a da kuka zauna kuna kallon takarda ba ku gani, daga cikin wannan gero aka ɗebe ta. Banda wannan kuma, mu da muke bin Almasihu muna ganin wata hasara da ta fi ta gero. Zuciyar da ba ta iya tsayawa kan lissafi minti ashirin, ita ce dai za a durƙusa da ita a yi addu'a, ita ce kuma za a zauna da ita a ji Maganar Allah. Ba a ba mutum hankali biyu ba, ɗaya na aji ɗaya na sujada. Wanda ya bar nasa ya saba da yawo, zai iske shi yana yawo ko a gaban Ubangiji.

Cikin Littafi Mai Tsarki akwai wani mutum da muke so ku san labarinsa sosai, gama ba mu san wanda aka fi damu da kira yana tsakiyar aiki kamarsa ba. Sunansa Nehemiya. Bayahude ne, amma a Shushan ta ƙasar Farisa yake zaune, yana hidimar miƙa wa Sarki Artashate abin sha, aikin da ba a ba kowa sai amintacce. Wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu, ɗan'uwansa Hanani ya zo daga ƙasar Yahuza ya gaya masa ganuwar Urushalima tana nan a rushe, ƙofofinta kuma wuta ta cinye. Ku da kuka taɓa ganin ganuwar Kano ko ta Zariya kun san abin da ganuwa take ga birni a zamanin dā. Garin da ba shi da ita, kowane mahayi zai shiga da dare ya kwashi abin da ya ga dama.

Nehemiya bai yi wuf ya tashi ba. Ya yi kwanaki yana azumi da addu'a, sai bayan wata huɗu ko kusa da haka ya buɗe baki gaban sarki, ya roƙi izini, da takardun wucewa, da katako. Da ya isa Urushalima ya kwana uku bai gaya wa kowa abin da ya kawo shi ba. Sai da dare ya hau dabbarsa, shi da mutane kaɗan, ya bi gindin ganuwar yana duba ɓarnar da idonsa, har ya kai wani wuri inda tarin kango ya hana dabbar wucewa. Sai da ya san girman aikin sa'an nan ya tara jama'a, aka yanka ganuwar yanki yanki. Firistoci suka ɗauki nasu rabo, maƙeran zinariya nasu, masu haɗa turare nasu, fatake nasu, har wani shugaba mai suna Shallum ya fito da 'ya'yansa mata suka kama. Da yawa kuwa an ba su daidai wurin da ke fuskantar gidajensu. Ba a ce wa kowa ya gina ganuwar Urushalima ba. An nuna masa 'yan kamu kaɗan da ke gabansa aka ce nan ne naka.

Aiki na kankama, sai masu hana ruwa gudu suka fito, manyansu uku: Sanballat, da Tobiya, da Geshem. Da ba'a suka fara. Tobiya ya ce ginin nan ko dila ce ta hau kansa sai ya zube. Nehemiya bai tsaya mai da magana ba, ya kai ƙara ga Allah, aka ci gaba da ɗora dutse. Da ganuwa ta kai rabin tsayinta sai maƙiya suka shirya kawo hari, a daidai lokacin kuma masu ɗaukar kaya suka fara kukan ƙarfinsu ya ƙare, ga kango bai ragu ba. Nehemiya ya raba barorinsa biyu, rabi na gini rabi na riƙe da māsu da bakuna, ya ajiye mai busa ƙaho kusa da shi, aka riƙa aiki tun daga ketowar alfijir har fitowar taurari.

Da ba'a ta kāsa, tsoratarwa kuma ta kāsa, sai suka sake dabara, ita ce kuwa ta fi duka haɗari domin ta zo da fara'a. Suka aiko masa ya zo su zauna su yi shawara a wani ƙauye a filin Ono, can nesa da birni wajen yamma, tafiyar da za ta ci masa yini. Ya aika musu cewa aikin da ke hannunsa ya fi ƙarfin a ajiye shi a tafi taro. Suka sake aikowa, ya ba su amsar nan. Har sau huɗu suna aikowa, har sau huɗu yana ba su amsa ɗaya, bai ƙara mata gishiri ba, bai nemi sabon uzuri ba. A karo na biyar suka aiko da buɗaɗɗiyar takarda, yadda duk wanda ta bi ta hannunsa zai karanta, wai ana ta faɗa Nehemiya na shirin tayar wa sarki ya naɗa kansa. Ya musa da 'yan kalmomi kaɗan, ya roƙi Allah ya ƙarfafa hannunsa. Daga ƙarshe suka sayi wani mai suna Shemaiya, ya zo masa da siffar annabi, ya ce su gudu su ɓuya cikin Haikali domin ana zuwa a kashe shi. Nehemiya ya gane ba Allah ne ya aiko shi ba, ya ƙi. Cikin kwana 52 aka gama ganuwar.

To, duk masu kiran nan suna nan har yau, sun dai sake riga. Tobiya shi ne abokin nan da ke ce maka malam in ya gan ka da littafi ran Asabar, yana yi ana dariya. Gajiyar rabin ganuwa ita ce wadda ke kama ku a tsakiyar shekara, sa'ad da ɗokin sabon aji ya wuce, jarrabawa kuwa tana da nisa. Filin Ono shi ne inuwar nan da ake taruwa bayan abinci, inda ba a yin wani mugun abu, hira ce kawai, amma wanda ya je minti biyar sai ƙararrawa ta tashe shi. Buɗaɗɗiyar takarda ita ce ance-ance, wane ya ce kaza game da kai, sai ka kwana kana shirya amsa, ka tashi ba ka taɓa aikin gida ba. Shemaiya kuwa ya fi wuyar ganewa, domin da sunan addini yake zuwa. Mun ga yaran da ke cikin ƙungiyar mawaƙa, suna cikin ta samari, su ne masu share majami'a, su ne masu raka baƙo tasha, ba su taɓa cewa a'a ba, suna tsammani wannan ibada ce, alhali kuwa a wasu lokatai gudun lissafi ne ya sami mafaka mai tsarki. Hidimar ikilisiya abu ne mai kyau ƙwarai, sai dai taura biyu ba su taunuwa, kuma aikin da Allah ya sa gaban ɗan makaranta a shekarun nan shi ne karatunsa.

Amma kada mu ɗora wa na waje laifi duka. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Akwai mai kira na cikin zuciya, wanda ko an kulle mutum shi kaɗai a ɗaki zai same shi. Waɗanda suka fi kowa saninsa su ne masu ibadar nan na farko da suka bar birane suka shiga hamadar Masar domin su keɓe kansu ga Allah. Ɗaya daga cikinsu, Ebagiriyus, mutumin Fontus ne a ƙasar da yanzu ake kira Turkiyya, malami ne mai zurfin ilmi, ya shiga hamada wajen 383, ya zauna can har ya rasu a 399. Ya rubuta bayanin mugayen tunani iri 8 da ke damun mai ibada, a cikinsu akwai wanda ya kira aljanin tsakar rana, domin daga hantsi har azahar yake kai farmaki. Ya ce in ya kama mutum sai ya ga kamar rana ta tsaya cik, ya yi ta leƙen taga, ya fita ya dubi sama ya ga ko lokacin abinci ya yi, ya duba ko wani zai zo. Sa'an nan ya ji ya tsani wurin da yake, ya fara tunanin wani wuri dabam inda aiki zai fi sauƙi, mutane kuma sun fi kirki. In yana karatu sai hamma, ya murza ido, ya zuba wa bango ido, ya komo ya karanta kaɗan, ya juya ƙarshen littafi ya ƙirga warƙa nawa suka rage, ya kushe rubutun, daga baya ya rufe ya yi matashin kai da shi.

Duk sa'ad da muka ba yara wannan labari a aji sai dariya ta ɓarke, kowa na nuna maƙwabcinsa. Ga mutum a tsakiyar rairayi, shekara fiye da 1,600 da suka wuce, ba kasuwa kusa, ba ganga, ba aboki, amma ga shi yana ƙirga shafi kamar ɗan aji huɗu. Maganin da Ebagiriyus ya ba da kuwa ba shi da daɗin ji: ka zauna inda kake, kada ka tashi a lokacin da zuciya ke ce maka tashi, ka yanka wa kanka ma'auni a kowane aiki, kada ka ɗaga sai ka cika shi. Dattawan hamadar nan sukan ba da labarin babbansu, Antoni, cewa wata rana tunani ya dame shi har ya yi kuka ga Allah, sai aka nuna masa wani mai kama da shi yana zaune yana tufka igiya, ya tashi ya yi addu'a, ya koma ya zauna kan tufka, ya sake tashi ya yi addu'a, aka ce masa ya yi haka. Watau zuciya ba ta son a bar ta sake, ba ta kuma jure a ja ta ba hutu. Sai a ba ta aiki mai iyaka, da hutu mai iyaka, da addu'a tsakaninsu.

Zamaninku ya ƙara wani mai kira da su Antoni ba su sani ba. Tun 2001 da wayar hannu ta shigo Nijeriya, ta bi gari gari har ta kai aljihun 'yan makaranta. Ba mu kushe ta ba, gama da ita uwa ke jin muryar ɗanta da ke nesa, da ita kuma ake samun littattafan da babu su a ɗakin karatunmu. Sai dai 'yan aiken Sanballat sau biyar suka zo, su ma sai da suka yi tafiya, wannan kuwa tana iya kira sau biyar kafin a gama shafi guda. Da yawa cikin abubuwan da ke cikinta kuma da gangan aka tsara su domin ido ya daɗe a kansu, saboda da daɗewar idon ne masu su ke samun kuɗin talla. Yaro yakan ce ai leƙawa kawai na yi. A 2009 wata malama mai binciken halin ma'aikata a wata jami'a ta Amurka, Sophie Leroy, ta nuna cewa in mutum ya bar aiki bai kammala ba ya koma wani, wani ɓangare na hankalinsa yakan maƙale a na farkon, aikin na biyu kuma ya ragu da kyau. Saboda haka leƙen minti ɗaya ba minti ɗaya yake ci ba. An ajiye waya, amma saƙon yana nan yana yawo a kai, lissafi kuwa yana jira.

Wani mai wayo cikinku zai ce, to malam, ashe Kirista na kirki shi ne wanda ya toshe kunne, ko ana kuka a ƙofarsa ba ya ɗaga kai? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin labarin Nehemiya ɗin. Ana tsakiyar gini, talakawa da matansu suka ta da kuka, yunwa ta sa sun jinginar da gonakinsu, wasu har 'ya'yansu sun shiga bauta saboda bashin 'yan'uwansu masu arziki. Mutumin da ya ƙi zuwa Ono sau huɗu, shi ne ya tsaya ya kira babban taro saboda wannan, ya tsawata wa manya, ya sa suka rantse za su mayar da gonaki. Ya san domin mutane ake gina ganuwa, in an cinye mutanen daga ciki, wa za ta kāre? Haka kuma Yesu yana kan hanyarsa ta ƙarshe zuwa Urushalima, jama'a na biye, makaho Bartimawas ya yi ta kira a bakin hanyar Yariko, mutane na kwaɓarsa, Ubangiji ya tsaya ya sa a kawo shi. A misalin nan na Basamariye kuma, firist da Balawe da suka rātse suka wuce, ba a yabe su da cewa sun kama gabansu ba.

Don haka aikin Kirista shi ne ya koyi rarrabe kira. In abokinka na kwance da zazzaɓi ba mai ɗebo masa ruwa, rufe littafi ka tafi, ba ka yi hasarar kome ba. In kuwa hira ce, ko gardamar ƙwallo, ko son jin abin da aka ce, amsar Nehemiya ta ishe ka. Ma'aunin da muke ba yaranmu shi ne su tambayi kansu, in na ƙi tashi, wa zai cutu? In akwai wanda zai cutu, kira ne. In babu, ƙaiƙayin zuciya ne kawai. Labarin Marta da 'yar'uwarta Maryamu, cikin sura ta 10 ta Bisharar Luka, yana koya mana ɗaya gefen. Marta ba zunubi take yi ba, hidimar baƙo take, amma ayyuka sun yi mata yawa har ta manta da Baƙon, ta koma jin haushin 'yar'uwarta. Yesu bai kushe girki ba, damuwarta da rabuwar hankalinta ya taɓa, ya kuma kāre Maryamu da ta zauna tana saurare.

Ga abin da muka ga yana yi wa yara amfani, mun kuma riƙe shi ga namu aikin na shirya darasi da duba takardu. Kafin ka buɗe littafi, yi gajeriyar addu'a ka miƙa wa Allah sa'ar nan, yadda Markus ya ba da labari Yesu ya tashi tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa kafin jama'a su taso. Sa'an nan ka yanka rabonka na ganuwa. Kada ka ce yau zan yi lissafi, ka ce zan yi tambaya goma, ko zan karanta shafi shida in rufe in faɗi abin da ke ciki da ka. Ajiye 'yar takarda gefe, duk tunanin da ya faɗo, ko na wankin riga ko na wasiƙar gida, rubuta shi da kalma biyu ka koma, gama zuciya takan saki abin da ta tabbata ba za a manta ba. Waya kuwa a ba wani ajiya, ko a bar ta a wani ɗaki, domin fama da abin da ke nesa ya fi sauƙi. Ku nemi aboki mai irin niyyarku ku zauna tare, ku yi alkawari ba mai magana sai ma'auni ya cika. In hankali ya gudu, kada ka ɓata wani minti goma kana zagin kanka, kamo shi a hankali kamar yadda makiyayi ke juyo da tunkiyar da ta rātse, ko sau ashirin ne. Ranar hutu kuma a huta da gaske, domin wanda ya ƙi hutawa a lokacin hutu zai saci hutunsa a lokacin aiki.

Littafi Mai Tsarki na Hausa da ake karanta muku da safe, shi kansa shaida ne ga abin da muke faɗa. Likita Walter Miller ya shigo ƙasar Hausa a 1900, ya zauna Zariya daga 1905, shi da Hausawan da suka taimake shi da sauran abokan aikin fassara suka yi ta fama da kalma bayan kalma, ga jinyar marasa lafiya, ga makaranta, ga zazzaɓi, sai a 1932 aka buga Littafin dukansa. An sake fassara shi daga baya, amma a kan wannan harsashi aka ɗora. Shekara talatin da wani abu ke nan, aya ɗaya yau, ɗaya gobe. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu magana, muddin dai mai tafiyar bai bar hanya ba.

Ba kwana 52 aka yanka muku ba, ba kuma shekara talatin ba. Abin da ke gabanku yau da maraice sa'a ɗaya ce ko biyu, da fitila, da littafi, da masu kira waɗanda lalle za su zo. Ku shirya amsarku tun kafin su iso, ku faɗe ta da ladabi, in sun sake zuwa ku sake faɗinta. Allah ya ba mu zuciya guda, mu da ku, ya sa albarka cikin aikin hannunmu, amin.